Bikin Ƴanci a Gidan Likitan Tsirrai

A ƙasar Amurka, cikin jihar Teksas, akwai wani birni da ake kira Ostin. Shi ne babban birnin jihar. A gabashin birnin, cikin unguwar da baƙaƙen fata suka daɗe da zama, akwai wani gidan tarihi. Gidan tarihi wuri ne da ake ajiye tsofaffin kaya da hotuna da takardu, don na baya su zo su ga yadda na gaba suka yi zamansu. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihin Bubu Hama na Yamai ya san irinsa. Sai dai na Ostin ba shi da zaki, ba shi da dorina.

Kowace shekara, in 19 ga watan Yuni ta gabato, gidan yakan cika da jama'a. Ana kiɗa, ana waƙa. Tsofaffi suna ba yara labari. Ana gasa nama, ana shan jan abin sha mai sanyi. Wasu masana sun ce wannan jan abin sha jikan zoɓo ne, wanda kakannin mutanen suka sani tun suna Afirka ta Yamma. Sunan bikin Juneteenth. An haɗa kalmomi biyu na Ingilishi ne aka samu sunan: watan Yuni da goma sha tara. Biki ne na tunawa da ranar da bayin Teksas suka ji cewa sun zama ƴaƴa.

Gidan kuwa yana ɗauke da sunan wani mutum, George Washington Carver. Ba a Teksas aka haife shi ba, ba can ya yi aikinsa ba. Ba soja ba ne, bai kuma taɓa riƙe sarauta ba. Malamin gona ne. To, me ya haɗa malamin gona da bikin ƴanci?

Labarin da ya makara

An fara kai mutanen Afirka bauta a yankin Birjiniya a shekarar 1619. A 1860 bayin da ke Amurka sun kusa miliyan 4. Galibinsu suna jihohin kudu, suna noman auduga da taba da rake da shinkafa. Ba a biyan su ko sisi. Ana sayar da uwa gabas, a sayar da ɗa yamma. A jihohi da yawa doka ta hana a koya ma bawa karatu.

A 1861 yaƙi ya tashi tsakanin jihohin arewa da na kudu, kuma maganar bauta ce tushensa. Ran 1 ga Janairu 1863 shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya sa hannu a wata takarda. Takardar ta ce bayin da ke jihohin da suka yi tawaye sun zama ƴaƴa. Amma takarda ba ta da ƙafa. Sai inda sojojin arewa suka isa ne ake aiki da ita. Teksas kuwa tana can nesa, a ƙarshen kudu maso yamma. Har ma masu bayi na wasu jihohi suka riƙa kwashe bayinsu suna kai su can, don kada a ƙwace masu su. Ta haka bayin Teksas suka kai wajen 250,000.

Cikin Afrilu 1865 babban janar na kudu ya miƙa wuya. Bayin Teksas dai suna gona, suna duƙe. Sai ran 19 ga Yuni 1865 Janar Gordon Granger ya ba da sanarwa a Galbeston, wani gari na bakin teku, cewa bauta ta ƙare. Shekara biyu da rabi ke nan bayan takardar Lincoln. Duk da haka wasu iyayengiji suka ɓoye labarin, sai da aka gama tsinkar audugar shekarar. Cikin Disamba 1865 aka gyara tsarin mulkin ƙasar, aka hana bauta a ko'ina.

Tun daga 1866 waɗanda aka ƴanta suka fara bikin wannan rana. Sukan sa tufafinsu mafi kyau, su yi addu'a, su ci, su sha. A wurare da yawa ana hana su taruwa a filayen gari. Saboda haka a 1872 na birnin Hustan suka yi karo-karo, suka sayi fili na kansu, wajen hekta 4. Jihar Teksas ta mai da ranar ta hutu a 1980. A 2016 wata tsohuwar malamar makaranta, Opal Lee, ta shiga tattaki gari-gari tana da shekara 89. Takan yi tafiyar mil biyu da rabi, wato kilomita 4, don a tuna da shekara biyu da rabin nan. A 2021 aka mai da 19 ga Yuni ranar hutu a duk ƙasar Amurka. Tsohuwar tana wurin aka sa hannu.

A harabar gidan tarihin Ostin akwai mutum-mutumi biyar na tagulla, waɗanda aka kafa a 2015. Suna nuna yadda labarin ya bi baki-baki: daga mai yin doka zuwa ga malamin coci, daga shi zuwa ga namiji da mace da aka ƴanta, daga su zuwa ga yarinya. Akwai dakali na shida, ba kowa a kansa. An bar shi ne don mai ziyara ya hau ya tsaya.

Ƴanci ba gona

Da murna ta lafa, sai ciki ya ce a ba shi nasa. Mutanen da aka ƴanta sun fito ba gona, ba dabba, ba kuɗi, ba karatu. An yi ma wasunsu alkawarin fili cikin 1865, amma kafin shekarar ta ƙare aka janye alkawarin, aka mayar ma tsofaffin iyayengiji gonakinsu.

Dole da yawa suka koma wajen masu gonakin. Mai gona yakan ba mutum fili da iri da alfadari. In an yi girbi a raba. Kafin girbi kuwa, a kanti yake cin bashin gari da gishiri da tufafi, sau da yawa kantin mai gonar ne. Mai kanti ne ke riƙe da littafi, manomi bai iya karatu ba. In shekara ta ƙare aka yi lissafi, sai a ce masa har yanzu ana bin sa. Wanda ake bi kuwa ba ya tashi ya bar gonar.

Kuma abu ɗaya ake so ya shuka: auduga. Bana auduga, baɗi auduga, har bakin ƙofar ɗakinsa. Auduga tana da cin ƙasa. Ƙasa ta gaji, ruwan sama ya wanke ta, ya yanka kwazazzabai. Amfani ya ragu, bashi ya ƙaru. Ba a cin auduga, don haka yara suna kwana da tuwon masara tsura, suna ta ciwo.

Cikin wannan hali ne Carver ya tarar da mutanensa.

Yaron da aka sace

An haifi George cikin bauta, wajajen 1864, a gonar wani mutum mai suna Moses Carver, a jihar Misuri. Sunan uwarsa Mary. Ubansa ya rasu tun yaron bai san shi ba. Yana jariri wasu mahara suka zo da dare, suka sace shi tare da uwarsa. Moses ya aiki wani mutum ya bi sawunsu. Mutumin ya komo da jaririn kaɗai, aka ba shi doki lada. Uwar kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Moses da matarsa Susan suka riƙe George da wansa James. George ba shi da ƙoshin lafiya, bai iya aikin ƙarfi ba. Sai ya zauna gida yana taya Susan wanki da girki da ban ruwan lambu. In ya samu sarari sai ya shiga daji. Yana duban ganye, yana tonon saiwa, yana tambayar kansa abin da ya sa wannan tsiro ya yi kyau, wancan ya yi yaushi. Maƙwabta suka fara kawo masa furanninsu da suka langaɓe. Ya canza masu ƙasa, ya rage ruwa ko ya ƙara, sai su farfaɗo. Suka sa masa suna likitan tsirrai.

Makarantar ƙauyensu ba ta karɓar baƙin yaro. Da ya kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, sai ya taka da ƙafa zuwa garin Niyosho, wajen kilomita 13, inda akwai makarantar baƙaƙe. Wata ungozoma, Mariah Watkins, ta ba shi masauki. An ce da ta tambaye shi sunansa, sai ya ce shi George na Carver ne, kamar yadda ake cewa dokin wane ko garmar wane. Ta ce kada ya ƙara faɗin haka. Daga ranar sunansa George Carver.

Ya yi shekaru yana yawo gari-gari a jihar Kansas. Ya yi wanki da guga, ya yi kuku, ya yi ƙwadago a gona. In ya tara ɗan kuɗi ya koma aji, in sun ƙare ya koma aiki. Wata babbar makaranta ta karɓe shi ta wasiƙa. Da ya iso suka ga fatarsa, sai suka ce babu wuri.

A 1890 ya shiga wata makaranta a jihar Ayowa don koyon zane da kiɗa. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta lura kullum tsirrai yake zanawa, kuma ba ya kuskure ko da jijiyar ganye. Ta ba shi shawara ya tafi babbar makarantar aikin gona ta jihar. Ya shiga a 1891. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi karatu a can. Ya ƙware a sanin cututtukan tsirrai, ya samu digiri na farko a 1894, na biyu a 1896.

A shekarar nan Booker T. Washington ya rubuto masa wasiƙa. Shi ma cikin bauta aka haife shi, kuma shi ne shugaban makarantar baƙaƙe ta Taskigi, a jihar Alabama, cikin tsakiyar ƙasar auduga. Ya roƙe shi ya zo ya koyar da aikin gona. Carver ya bar Ayowa da kayan aikinta, ya tafi. Ya tarar ba ɗakin bincike. Shi da ɗalibansa suka bi juji suna tsintar kwalabe da tsofaffin kwanoni da fitilu, da su suka fara aiki. Ya zauna a Taskigi shekara 47.

Asirin da ke cikin saiwa

Ga tambayar da ta dame shi: ta yaya talaka zai rayar da gonar da ta mutu, alhali ba shi da kuɗin sayen takin kanti?

Amsa ta farko tana kwance a ƙasa, kowa yana taka ta. Ya ce a tara busassun ganyaye da lakar fadama da toka da kashin dabbobi da sharar gida. A jibge su wuri ɗaya su ruɓe, sannan a kai gona. Wannan ba ya cin ko sisi, sai gumi.

Amsa ta biyu tana cikin saiwa. Tsiro yana bukatar wani abinci da ake kira azot. Shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Auduga da masara suna zuƙe shi daga ƙasa, ba su mayarwa. Azot yana da yawa cikin iska, ya kusa kashi 78 cikin 100, amma tsiro ba ya iya ɗaukar sa daga iska da kansa. To, wake da waken soya da gujiya, wadda wasu ke ce ma gyaɗa, suna da mataimaka. In an tuge gindin wake aka wanke saiwar, za a ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle a jikinta, kamar ƙwayar dawa. Cikinsu akwai ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Su ne ke kama azot na iska, su mai da shi abincin tsiro. In an bar saiwa da ganye suka ruɓe a gona, shukar baɗi ta samu rabonta.

Don haka Carver ya ce a riƙa juya shuka. Bana auduga, baɗi wake ko gujiya. A keɓe wani gefe a sa dankali da kayan lambu. Ƙasa ta huta, kuma gida ya samu abin sa wa a baka ba tare da an je kanti ba.

Ba Carver ne ya gano wannan asiri ba. Masana na Turai sun bayyana aikin ƙulle-ƙullen nan kafin ya gama makaranta. Manoman Maraɗi da Damagaram ma sun daɗe suna shuka wake tsakanin hatsi. Shi kansa waken da ake nomawa a Alabama daga Afirka aka kai shi, kamar kuɓewa da riɗi da dawa. Gujiya kuwa asalinta Amurka ta Kudu ne. Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, daga nan ta sake ƙetare teku a zamanin cinikin bayi. Aikin Carver shi ne ya gwada abin a gonar makaranta, ya auna, ya tabbatar, sannan ya kai shi har ƙofar wanda ba a bari ya yi karatu ba.

Makaranta bisa keken alfadari

Ya rubuta ƴan littattafai 44 cikin magana mai sauƙi, ana raba su kyauta. Na 1916 ya nuna yadda ake noman gujiya da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci. Amma me littafi zai yi ma wanda bai iya karatu ba? Kuma manomi ba ya barin gona da damina ya zo aji.

Sai makaranta ta tafi wajen manomi. A 1906 aka ƙera wani keke da alfadarai ke ja, bisa tsarin da Carver ya zana. Aka ɗora masa garma da iri da kayan kaɗa nono da sauran kayan aiki. Wani tsohon ɗalibin Taskigi, Thomas Campbell, ya riƙa zagaya ƙauyuka da shi. Yakan tsaya a gonar mutum ɗaya, maƙwabta su taru. A yi huɗa a gabansu, a haɗa taki a gabansu. A nuna ma mata yadda ake busar da kayan lambu don rani. Gani ya kori ji.

Ana cikin haka sai ga wani ƙwaro ƙarami mai dogon baki. Yana huda ƴaƴan auduga tun ba su buɗe ba, ya saka ƙwai a ciki. Ya shigo Teksas daga Meksiko a 1892, ya iso Alabama wajajen 1910. Gonaki suka lalace. Manoma da yawa, farare da baƙaƙe, suka koma ma gujiya ba shiri. A wani gari na Alabama gujiya ta kawo kuɗi har mutanen garin suka gina ma ƙwaron abin tunawa a 1919. Yana nan tsakiyar garin har yau.

A 1921 aka kira Carver birnin Washintan, ya yi ma ƴan majalisa bayani a kan gujiya. Minti goma aka ba shi. Ya buɗe akwatinsa ya fara fito da abubuwan da ya yi da ita. Ƴan majalisa suka yi ta ƙara masa lokaci. Daga ranar sunansa ya game ƙasa.

An ƙidaya abubuwa wajen 300 da ya sarrafa daga gujiya, har da madara da sabulu da tawada da man shafawa, da fiye da 100 daga dankali. Jaridu sun yi ta zuzuta wannan, wani lokaci har da ƙari. Gaskiyar magana, kaɗan ne cikin abubuwan suka shiga kasuwa. Ba shi ne kuma ya fara niƙa gujiya ana shafa ma burodi ba, ko da yake har yau wasu haka suke zato. Aikin da ya fi amfanar mutanensa shi ne wanda jaridu ba su cika kula da shi ba, wato tulin takin nan da keken alfadari.

Bai yi aure ba. Kullum yana cikin tsohuwar riga, da fure a maƙale a ƙirji. Abin da ya tara na albashi ya ba da shi don a ci gaba da binciken aikin gona a Taskigi. Ya rasu ran 5 ga Janairu 1943, aka rufe shi kusa da Booker T. Washington.

Ba shi kaɗai ba ne

Carver ya yi suna domin ya yi karatu, an kuma rubuta labarinsa. Kafin shi akwai wasu. Shinkafar da ta arzuta jihar Karolina ta Kudu, bayin da aka kamo daga Afirka ta Yamma ne suka noma ta, da yawansu kuwa sun zo da sanin noman fadama tun daga gida. Ba a rubuta sunayen galibinsu ba. Wani manomi baƙar fata, Henry Blair, ya ƙera injin shuka masara a 1834, da na shuka auduga a 1836. Bai iya rubutu ba. A takardar da hukuma ta ba shi, alama kawai ya yi a madadin sa hannu.

Maganar gona kuma ba ta ƙare ba. A 1920 manoma baƙaƙe a Amurka sun fi 900,000. Bashi da wariya da ƙwacen fili suka kori da yawa zuwa birane. A ƙidayar 2017 ba su kai 50,000 ba.

A gefen babban ginin gidan tarihin Ostin akwai wani ƙaramin gini, shi ne tsohon. An gina shi a 1926, shi ne ɗakin karatu na farko na birnin. A 1933 aka ɗauke shi aka kawo shi unguwar baƙaƙe, domin a lokacin ba a haɗa su da farare a ɗakin karatu ɗaya. An sa masa sunan Carver a 1947, ya zama gidan tarihi a 1980. Yanzu a cikinsa ne mutane ke zuwa neman asalin danginsu. Aikin yana da wuya. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba. Shekaru da launin fata ake rubutawa, da namiji ne ko mace, a ƙarƙashin sunan ubangida. Sai a ƙidayar 1870 ne aka fara rubuta su da sunayensu. Shi kansa Carver har ya bar duniya bai san ranar da aka haife shi ba.

Ma'anar kalmomi

Ƴanta: fitar da mutum daga bauta.
Gidan tarihi: da Faransanci ana cewa musée.
Tagulla: wani irin ƙarfe ja-ja da ake zuba mutum-mutumi da shi, bronze.
Azot: abincin tsiro da ke cikin iska da taki, azote.
Juya shuka: canza abin da ake shukawa a gona daga shekara zuwa shekara, rotation des cultures.

Tambayoyi

1. Me ya sa bayin Teksas ba su samu ƴanci a 1863 ba?
2. Daga 1 ga Janairu 1863 zuwa 19 ga Yuni 1865 wata nawa ne cikakku?
3. Ta yaya littafin mai kanti yake ɗaure manomi?
4. Don me ungozoma ta hana yaron ya ce shi George na Carver ne?
5. Me ya sa aka ɗora makaranta bisa keke?

Aiki

Da damina, ku nemi izinin mai gona, ku tono gindin wake ɗaya da na hatsi ɗaya a hankali, kada saiwa ta tsinke. Ku wanke su. Ku zana abin da kuka gani cikin littattafanku. Ku fasa ƙulli ɗaya na saiwar wake da farce, ku faɗa ma malam launin cikinsa.